Golf 4 mai ƙofa biyu: wane inji zan ɗora mata? Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari

Na-Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu Golf 4 mai ƙofa biyu, ƙirar 2001, baƙa, a hannun wani abokin yayana. Bodi lafiya lau, ba ta taɓa haɗari ba, takardun kwastan cikakku. Inji ne matsalar: 1.6 ne, ya gaji, yana hayaƙi da safe, yana shan baƙin mai kamar shayi. Tunda dole a sauke shi, zuciyata na raya min kada na mayar da irinsa. Ina son motar da in na taka totur a hanyar Zariya zan ji ta amsa. Wasu na ce min 1.8T, wasu VR6, wasu 2.0. Roƙona ɗaya: wanda ya taɓa yi da aljihunsa shi nake so ya yi magana. "An ce" da "na ji" na ƙoshi da su a majalisa.

Baban Khalifa (Kaduna):
Wa alaikumus salam. Ni na yi abin da kake shirin yi, daga 1.6 zuwa 1.8T, kuma motar sai da ta yi wata bakwai a kan duwatsu a gareji. Ba laifin injin ba ne, gaggawata ce. Inji na sayo tsirara, daga shi sai turbo a jiki, na ɗauka kwance wannan ɗaura wancan ne kawai. Ranar ɗaurawa aka fara lissafa min abin da babu: wayarin inji, birenbos (kwamfutar inji), bututan iska, ɗan lagireton nan da ke sanyaya iskar turbo wanda ke zama can ƙasa gaban tayar dama, da wuyan salansa. Kowanne sai an fita nema daban, kuma da mai kaya ya gane a matse kake, farashi ya canza.

Da aka haɗa komai aka murza makulli, sai ta tashi, daƙiƙa biyu ta mutu. Kwana uku muna wannan. Ashe a Golf 4 birenbos da agogon gaban direba da makulli sai sun san juna, in ɗaya baƙo ne motar ba za ta zauna ba. Sai da muka samo mai kwamfuta ya daidaita su.

Sai giyabos. Na 1.6 ba a yi shi don ɗaukar bugun turbo ba. Wanda ya fi zuwa da 1.8T shi ne 02J, kuma da shi da shaf-shaf ɗinsa da kulocinsa tafiyarsu ɗaya.

Ka kuma san cewa 1.8T ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da haruffansa uku. AGU doki 150 ne, totur ɗinsa na igiyar ƙarfe. AUM shi ma 150, AUQ 180, amma su biyun totur na lantarki ne, sai da fedarsu. Ka leƙa ƙasan sitiyarinka ka ga irin fedar da kake da ita kafin ka je kasuwa. Haruffan suna buge a jikin injin, wajen da ya haɗu da giyabos. Kada ka yarda da faɗar baki, ka goge wurin ka karanta.

Da zan sake, rabin mota zan saya, wato gaban gaba ɗaya da aka yanko, da agogo da makulli. Yanzu shekara uku ina hawanta, ina jin daɗinta ƙwarai, amma kuɗin da na kashe da GTI ta asali na saya har da canji.

Oga Mai Sifana:
Baban Khalifa ya faɗi gaskiya. Ni bakanike ne, waɗannan injinan sun bi ta hannuna da yawa, kuma yawancin waɗanda aka kawo min sun buga ba gudu ne ya kashe su ba, mu ne da masu motar.

Ƙanena, in ka je sayen injin Beljiyam, kada wankin da aka yi masa ya ruɗe ka. Buɗe murfin zuba mai ka haska da fitilar waya. In ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, bar shi. Ko ya yi kyau, kafin a ɗora a sauke kaskon mai na ƙasa a duba rariyar da ke zuƙo mai. Ita ce ke toshewa, turbo ya rasa mai, sannan inji ya bi baya. Aikin awa ɗaya ne in inji na ƙasa.

Tayimin bel kuwa ranar da ka sayi inji ranar za ka sa sabo, da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, ko mai kaya ya rantse jiya aka sa. Wannan inji bawul 20 gare shi, biyar a kowace silinda. In bel ya tsinke fistan zai same su a hanya, ka koma neman tof silinda.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Mota in tana ɗaukar zafi akwai dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta gaji, ko famfo ba ya tura ruwa. A nemo dalilin. Kuma ruwan rijiya ba ruwan lagireto ba ne, a zuba mata jan ruwan nan G12. Baƙin mai 5W-40 mai lambar 502 00 a jikin galan, ba na awo a bakin titi ba. Wanda ba zai iya wannan juye a kan lokaci ba, don Allah ya bar turbo.

Sarkin Totur:
Ni VR6 gare ni, 'yar Amurka, 2.8 mai doki 174. Ba sauya mata na yi ba, da shi aka haife ta. Maganar kuka kam babu na biyunsa, in na taso daga kwanar layinmu yara sun san ni ne. Silinda shida ne a matse, tsakanin layukan biyu digiri 15 kacal, shi ya sa kai ɗaya ya rufe su duka.

Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta zama motar Juma'a da ɗaurin aure. Sauran kwanaki babur nake hawa, ban ji kunyar faɗa ba. Sannan ana yaba shi da cewa sarƙa gare shi ba bel ba. Haka ne, sai dai sarƙar tana ɓangaren giyabos. Da tawa ta fara ƙara da safe saboda tsufa, sai da aka sauke giyabos kafin a kai gare ta. Gaba kuma ya yi nauyi, a kwana za ka ji tana son miƙewa. Ɗora shi a bodin 1.6 ban ba ka shawara ba.

Malamin Firamare:
Ku yi ta turbo ɗinku. Ni 2.0 na sa, mai bawul 8, doki 115. Ba ta tsere da kowa, amma shekara biyar ko a Funtuwa ta tsaya ko a Azare akwai wanda zai gyara ta kafin la'asar. Na san ba abin da kake son ji ba ke nan.

Ɗan Kubwa:
Malam, ai ya ce so yake ta amsa, ba ta gaishe shi ba.

Tawa GTI ce ta asali, AUM. Ni a wajen ƙarin ƙarfi na ƙone hannu. Wani ya sake rubuta min birenbos da lissafin da ya sauko da shi daga intanet, na masu mota a Turai. Daren farko a hanyar filin jirgi, wallahi kamar an canza mota. Ban yi tunanin cewa wancan lissafin don fetur mai lamba 98 aka yi shi ba, alhali littafin motar ma 95 yake nema, mu kuma gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓi. Da zafin Afrilu ya shigo, in na taka a giya ta huɗu sai na ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfin ya ja baya. Ɗan lagireton iskar nan na gefe in ya sha zafi a cunkoso ba abin da yake sanyayawa. Bayan wata biyu kuloci ya fara zamewa, allura na hawa mota ba ta gaba.

Na sa aka mayar da lissafin asali, na sa babban lagireton iska a gaba, sabbin filogi da kwal huɗu, sabon kuloci. Sai daga baya na samu wanda ya rubuta min mai sauƙi, yana zaune a gefena da kwamfuta muna tafiya yana kallon yadda injin ke ɗaukar manmu. Bai kai na farko zafi ba, amma da rana tsaka ma haka yake.

Wani abu kuma: birkin gaba na 1.6 faifansa milimita 256 ne, na 1.8T kuwa 288. In ka ƙara doki ka bar ƙaramin birki, ranar da tirela ta tsaya a gabanka za ka gane bambancin.

Maman Hanif:
Ni ba inji na taɓa ba, ƙafa na taɓa. Motar maigidana ce ya bar min, ƙanena ya zuga ni aka sauke ta ƙasa aka sa manyan rim, wai ta fi kyau a hoto. Ta yi kyau kam. Sati uku, na hau wani tudun rage gudu da 'yan unguwa suka yi da kansu, na ji ƙas. Kaskon man waɗannan motoci na alminiyom ne, ba ya lotsewa, fashewa yake, kuma dama a kusa da ƙasa yake. Allah ya sa na ga jar fitila na kashe nan take, man duk ya tsiyaye a titi. An mayar da ita tsayinta na da, an sa mata farantin ƙarfe a ƙasa. Rim ɗin suna ɗakin ajiya in akwai mai so.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa gare ku daga Nijar. Ba wanda ya ambaci gazuwal, wato dizal. Tawa 1.9 TDI ce mai doki 130, ASZ. A takarda 1.8T ta fi ta doki, amma ƙarfin ja nata 310 ne, na 1.8T mai 150 kuwa 210. Daga Damagaram zuwa Maraɗi ba na sauko da giya don wuce babbar mota, kuma tanki na daɗewa. Sharaɗinta baƙin mai mai lambar 505 01 da tace gazuwal mai kyau. Sai dai mayar da motar isansi, wato fetur, ta koma gazuwal aiki ne babba, ni ban gwada ba. A can wajenku kuma sai ka dubi kuɗin litar kafin ka yi sha'awa.

Oga Mai Sifana:
Na manta ɗaya. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ka je a gyara takardun motar. Lambar da ke takarda daban, ta jikin inji daban, kai da bayani a kowane shinge.

Na-Gyaɗi-Gyaɗi:
Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Jiya na je Ƙofar Ruwa da bakanikena. Na leƙa fedata kamar yadda Baban Khalifa ya ce, ta igiya ce. Mun ga AGU guda biyu, ɗaya tsirara, ɗaya da wayarinsa da birenbos da giyabos amma babu agogo da makulli. Na haska cikin na biyun, fes yake. Mai kayan ya ce kwantenarsa na hanya, akwai rabin mota a ciki, in ba shi sati uku. Na ce zan jira, ban ba da ko sisi ba.

Kafin nan na sa a fara neman birkin 288 da sabon lagireto. Oga, in rabin motar ta iso zan turo maka hoton rariyar kafin a ɗora. Maman Hanif, rim ɗin nan inci nawa ne?