Abin da muka tsinta a fadarmu kan salula da lafiya

Jiya bayan isha'i, a fadarmu ta Zango a Damagaram, hira ta karkata kan salula. Wani ma'aikacin jinya cikinmu ya fi nanata barci: hasken waya da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, shi ya sa wasu ke makara asuba. A ajiye ta awa guda kafin kwanciya. Ni kam nan ake kama ni.

Ido kuwa, duk minti 20 a ɗaga kai a dubi nesa na daƙiƙa 20. Masu toshe kunne da waƙa su rage ƙara.

Kan yara aka daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019: ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Mai zuba shayi ya ce, "Malam, to uwarsa fa?"