Wai haƙar gwal sana'a ce ko caca?

Alhaji Bala Mai Shadda: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Wata huɗu ina ciyar da rami guda a dajin Zamfara. Yara shida: shinkafa ni, man janareta ni, igiya da batirin tocila ni, har maganin ciwon jiki. Sun nutsa gaba goma sha biyar suka taras da farin dutse, suka tashe ni tsakar dare a waya suna kabbara. Buhu talatin aka fitar, aka fasa, aka niƙa, aka wanke. Abin da aka kawo min a ƙullin leda bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, giram sha ɗaya, kuma wai rabi na yaran ne. Ƙananan ramukan nan ba abin da suke fitarwa sai bashi da gawa. Harkar nan caca ce kawai.

Ɗan Anka: Wa alaikumus salam. Alhaji, janye kalmar nan tun muna mu biyu. Shekara bakwai ina shiga rami. Da shi na yi aure, da shi na kai tsohuwa Makka. Ke nan da kuɗin caca ta yi ɗawafi?

Alhaji Bala Mai Shadda: Ni ban ambaci Hajiya ba, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ramina nake magana.

Ɗan Anka: Ka ce "harkar nan". Ga shi nan a sama, ban goge ba.

Ustaz Nura: Ku yi haƙuri. Caca ita ce mutum biyu su zuba kuɗi, abin da ɗaya ya ci shi ne asarar ɗayan. Wanda ya haƙa ƙasa bai ci na kowa ba. Da caca ce da malamai ba su sa mata zakka ba. A Risala an ce zinaren da ya fito daga ma'adini idan ya kai dinari 20 a fitar da ɗaya cikin 40 ranar da ya fito, ba a jiran shekara. Har aka ce idan jijiyar zinaren da ake bi a cikin dutse ta yanke mutum ya kama wata, sai ya soma sabon lissafi. Kun ga tun wancan zamanin an san jijiya tana yankewa.

Habu Teloli: Ustaz ba ɗaya cikin 40 ba ne fa. Humusi ne, ɗaya cikin biyar. Na ji wani malami ya faɗa.

Ustaz Nura: Wane malami?

Habu Teloli: A YouTube.

Ustaz Nura: To humusi na rikazi ne, dukiyar mutanen da da aka tono a binne. Hanafawa ne suke haɗa ma'adini da shi, mu nan Malikiyya muke. Ka koma kan kekenka, Habu, ɗinkin Sallar bara ma har yau ban gani ba.

Habu Teloli: Ka biya cikon kuɗin sai ka gani.

Injiniya Sagir: Don Allah mu koma kan tambayar. Alhaji, buhunka in mun ƙaddara kilo 50 ne, talatin sun zama tan ɗaya da rabi. Giram 11 a ciki ya kama wajen giram 7 a kowane tan. Wannan ba mugun dutse ba ne, akwai manyan kamfanoni a duniya da ke cin riba a ƙasa da haka, don su dubban tan suke niƙawa kullum. Matsalarka ƙarancin dutse ce. Gwal a farin dutse ba shimfiɗe yake kamar man shanu a kan tuwo ba, ɗigo-ɗigo yake. Jijiyar sai ta yi faɗin kamu ɗaya, a ci gaba kaɗan ta tsuke ta koma tafin hannu, ko ta ɓace. Kamfani sai ya huda ƙasa ya ɗebo samfuri ya auna kafin ya zuba kuɗi, yaranka kuwa da guduma da kurfi (ƙarfen sara nake nufi) da tocila a goshi suke bin ta. Sannan zaiba, ruwan ƙarfen nan da ake tsamo gwal da shi wajen wanki, ba ta kama gwal duka, wanda ya yi laushi sosai da wanda ke maƙale cikin dutsen da bai niƙu ba yana bin laka ya tafi. Shi ya sa ake sayen lakar da aka riga aka wanke.

Ɗan Anka: Injiniyan takarda. Ka taɓa sauka rami da igiya a ƙugu, ƙafa ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan? Ka taɓa jin numfashi ya ɗauke a ƙasa sai an hura maka iska ta tiyo? Mu da ido muke gane dutse. Ka tofa masa yawu ka murza da yatsa, in mai tsatsa ne da ramuka kamar saƙar zuma, ka san akwai magana.

Injiniya Sagir: Ai goyon bayanka nake yi, Malam.

Ɗan Anka: Ban nema ba.

Alhaji Bala Mai Shadda: To Injiniya ya ce ba a san inda jijiya za ta yanke ba, ba a auna ba, an zuba kuɗi ana fata. Wannan ba shi ne cacar ba?

Ustaz Nura: Manomi ma yana zuba iri bai san damina ba. Noma caca ce?

Ɗan Anka: Matsalar Kanawa ke nan. Kun saba a saro da safe a sayar da la'asar a ƙirga riba kafin magariba. Rami haƙuri yake so. Akwai wanda ya yi wata takwas ba ko ƙwaya, dare ɗaya ya sayi mota.

Habu Teloli: Waye shi? Kullum "akwai wanda". Shekara goma muna jin labarin mutumin nan ba mu ga motar ba.

Alhaji Bala Mai Shadda: Kuma in ba don kuɗin Kanawan ba wa zai sayi gwal ɗin naku? Ku dafa ku ci?

Maman Ilham: Kun kama caca kun bar gawa, alhali ita ce gaskiyar da Alhaji ya faɗa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, Bagega ma ta shiga ciki. Dutsen da ke ɗauke da gwal ɗin yana haɗe da dalma. Maza su kawo shi gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin irin na hatsi, ƙura ta baɗe tsakar gida, yaro na rarrafe yana kai hannu baki. Sai suma da jijjiga. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka maimaita a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28. Ita kuma zaibar da kuke ƙonawa a cokali kuna leƙawa, hayaƙinta ina yake zuwa?

Ɗan Anka: Hajiya, wannan zance ya wuce. Yanzu a daji ake niƙa.

Maman Ilham: Kayan da ke jikinku fa, a daji kuke tuɓe su?

Kwamared Lawal: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara wai don 'yan bindiga. 2021 aka hana jirage shawagi a jihar. Sai Disambar 2024 aka ɗage haramcin haƙar. Shekara biyar da ɗoriya! Gwal ya daina fita? Talaka aka kora, manya suka ci gaba.

Habu Teloli: Su wa?

Kwamared Lawal: Ka sani na sani.

Injiniya Sagir: Kwamared, lokacin da aka sa dokar ai jam'iyyarka ce a sama, har ka yi rubutu a Facebook kana yabawa.

Kwamared Lawal: Na bar su tun tuni. Kar ka kawo min siyasa nan.

Isufu Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Mu nan mun ga abin da idonmu. Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, Nuwamban 2021, rami ya rufta da mutane, 18 suka rasu, hukuma ta rufe wurin. Wata kaɗan kafin nan gonaki ne, aka ce an ga zinariya, duniya ta taru, rami kusa da rami har na ƙasa suna haɗewa. Haka aka yi tururuwa zuwa Jado ta arewacin Nijar a 2014. Amma gaskiya 'yan Najeriya ku kuka cika muna wurin.

Ɗan Anka: Mu muka koya muku aikin dai.

Isufu Maraɗi: Kun koya muna rami ba tokari.

Ɗan Anka: Icen tokarin a ina za a samo shi a ƙasarku? Hamada?

Isufu Maraɗi: Maraɗi hamada ce? Admin, ka ga wannan ko?

Ustaz Nura: Ni dai har yanzu Alhaji bai janye kalmar ba. Kiran halal da sunan haram ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji Bala Mai Shadda: To na janye caca. Na mayar da ita kasada.

Ɗan Anka: Kasada ma ban yarda ba. Nema ne.

Admin Garba: Jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun azahar. Ga abin da zaure ya tsayar. Malamai sun tabbatar haƙar gwal halal ce, har zakka gare ta. Injiniya ya tabbatar da lissafi cewa ramin Alhaji mai kyau ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Alhaji ya janye maganarsa, mun gode masa. Batun dalma tsohon labari ne, kuma laifin masu niƙa a gida ne, ba na masu injin da ke aiki a fili bisa tsari ba. Zancen Nijar da na siyasa ba da su aka fara ba.

Maman Ilham: Admin, injin niƙa nawa gare ka a dajin yanzu, uku ko huɗu?

Injiniya Sagir: Ni ban ce ramin mai kyau ba ne, dutsen na ce. Ramin da ya ci wata huɗu ya ba da buhu talatin ai Alhaji na da gaskiyar kuka.

Alhaji Bala Mai Shadda: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce min in ƙara zuba kuɗi ko in janye yaran. Jiya suka bugo wai ruwa ya fara tsattsafowa, a sayo injin ja.

Admin Garba: Na rufe zaure sai gobe da safe. Alhaji, lakar buhu talatin ɗin nan tana ina? Kar ka bari yaran su sayar wa kowa, duba wayarka ina kira.