Zane-zanen Zamanin Tarayyar Sobiyet: Fasaha ce ko Farfaganda?

Malamin zane, Bauchi:
Assalamu alaikum. Kwanan nan na dawo daga Mosko, kuma abin da na gani a sabon ginin gidan adana zane-zane na Tretyakov ya tsaya mini a rai. Bango bayan bango, manoma ne da ma'aikatan masana'antu, kowa ƙato, kowa da fara'a. Na daɗe a gaban wani zanen masu girbi ina neman fuska ɗaya da ta gaji, ban samu ba, alhali ni da na tashi ina yankan dawa na san yadda fuskar mai girbi take bayan la'asar. Shin irin wannan aiki ya cancanci a kira shi fasaha?

Dattijo, Gombe:
Wa'alaikumus salam, Malam. A can na yi karatu, kuma idonka bai yaudare ka ba. A 1932 gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet a lokacin, ta rushe ƙungiyoyin marubuta da masu zane masu cin gashin kansu, sannan a taron marubuta na 1934 aka tabbatar da salo guda, wanda ya wajabta a nuna rayuwa yadda jam'iyyar kwaminis mai mulki take fatan ta zama. A tsakanin 1932 da 1933 kuwa, yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan. Mai zanen da ya kauce wa layi yana iya rasa aiki, wani lokaci har da ransa.

Malama, Gombe:
Baba, ban musa ba, amma da sauran magana. Makaɗan fada ma sarki suke yi wa waƙa, kuma ba wanda ya ce don haka ba su iya kiɗa ba. A duba mutum-mutumin da Vera Mukhina, wata mai sassaƙa 'yar Sobiyet, ta ƙera don baje kolin Faris na 1937: namiji riƙe da guduma, mace riƙe da lauje, tsayinsa ya haura mita 24, an yi shi da ƙarfe marar tsatsa. Umarni kaɗai ba ya haifar da irin wannan gwaninta.

Malamin zane, Bauchi:
Na gan shi da idona, Malama. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mayafin da ke kaɗawa a bayansu, wanda duk da nauyin ƙarfe sai ka rantse iska ce ta ɗauke shi. Shi zan nuna wa ɗalibaina ranar Litinin, tare da zanen masu girbin nan, in ji ta bakinsu.