Me kuke karantawa a intanet da ba ɓata data ba ne?

mai_neman_sani: Salam 'yan uwa. Wlh na gaji, sai in ɗau waya da niyyar karatu in ƙare a bidiyon rawa har caji ya mutu. Ina son abin karantawa kan tattalin kuɗi, fasaha, da ɗan labarin nishaɗi mai ma'ana. Ku taimaka.

tsohon_akawu: Wa alaikumus salam ƙanina. Kan kuɗi fara da Investopedia, tun 1999 suke, kamar ƙamus ne, ka rubuta kalmar da ta shige maka duhu su warware maka ita. Can na fara ganin lissafin 72 ɗin nan, wato ka raba 72 da adadin hauhawar farashi, in kashi 12 ne a shekara to cikin shekara 6 kuɗin da ka ɓoye ƙarƙashin katifa sun rasa rabin ƙarfinsu, ranar kasa barci na yi. In Turancin ya yi nauyi Khan Academy kyauta ce kuma a hankali suke bi.

yar_kwamfuta: Fasaha kam Ars Technica, suna tona abu har gindi, sai dai rubutun da tsawo. The Verge ya fi sauƙi amma ni ina ganin sun cika zumuɗin sabuwar waya. Nishaɗi kuwa ni tarihin mawaƙa nake bi a Wikipedia, daga wannan shafi in faɗa wancan.

mai_neman_sani: Na gode yaya. Masu cewa za su ninka maka kuɗi cikin sati fa?

tsohon_akawu: Hhh rufe shafin kawai. Duk wanda ya ce riba tabbas ba asara, aljihunka yake hari.