Neman kalma: me za mu kira "gwamnan" injin tarakta mai yanke ciyawa?

Malamin Makaranta, Aboabo: Assalamu alaikum. Ana rubuta wa yara masu koyon aiki takardar gyaran ƙaramar tarakta mai yanke ciyawa, irin wadda ake hawa a filayen ƙwallo da na makarantu. An zo babin injin da ke tashi lafiya, ya yi ta ruri a tsaye, amma da an kunna wuƙa an shiga ciyawa sai ƙarfinsa ya faɗi. A nan sunan wani ƙarfe yake ta dawowa, wanda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ake ce wa gwamna. Mu bar shi haka, ko akwai kalmar Hausa da ta fi dacewa? Mastoci, a taimaka mana.

Mastan Inji, Suame: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa masa suna, a san aikinsa. A cikin inji, can ƙasa inda baƙin mai yake, akwai ƙaramin giya mai ɗauke da 'yan ƙarafa masu nauyi. Idan inji ya yi sauri sai su buɗe, su tura wata sanda, sandar ta juya hannun da ke waje, hannun ya rufe totur na kafireta. Sifirin kuma yana jan hannun ta ɗaya gefen, yana neman buɗe totur. Wannan ja-in-ja shi ke riƙe inji a gudu ɗaya, yawanci tsakanin juyi 3,000 da 3,600 a minti. Lodi ya hau, gudu ya ragu, ƙarafan su koma ciki, sifirin ya rinjaya, totur ya buɗe. Aikinsa ke nan, babu ƙari.

Mai Fassara, Asawase: In haka ne, "madaidaicin gudu" ya faɗi aikin daidai. Akwai kuma "sarkin gudu", in ana son gajere.

Tsohon Fita (makaniki), Sabon Zango: Madaidaicin gudu ya yi a takarda, amma ba yaron da zai faɗe shi hannunsa cikin giris. Sarkin gudu kuwa ina ƙinsa, saboda dalilin da ya sa nake ƙin gwamna. Sunan yana sa yaro ya ɗauka ƙarfin inji daga wurinsa yake fitowa. Da inji ya kasa, sai ya nufi sifirin ya ɗame shi, ko ya lanƙwasa ƙarfen da yake maƙale a kai. Injin zai yi ihu a tsaye, a cikin ciyawa ya kasa kamar da, kuma ya wuce gudun da aka ƙera shi a kai, har konrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf, ya iya karyewa ya huda jikin inji. Ni linzami zan ce. Linzami ba ya ƙara wa doki ƙarfi. Ana jansa, ana sakinsa, amma dokin da bai ci ba ko an sakar masa linzami ba ya sukuwa.

Mai Fassara, Asawase: Baba, abin da ke damuna shi ne mutane za su ji linzami su ɗauka burki ne, abin tsayarwa kawai.

Tsohon Fita, Sabon Zango: 'Yata, ai Bahaushe yana cewa ja linzami, yana kuma cewa saki linzami. Duka biyun suna cikin kalmar, kuma duka biyun ƙarfen yake yi.

Mastan Inji, Suame: Na bi bayan Baba, kuma ga yadda sunan zai yi aiki a babin. Gwajin farko da ido ake yinsa. Mutum ɗaya ya zauna a kujera ya kunna wuƙa, ɗaya ya tsaya gefe, nesa da wuƙar, yana kallon sandar totur. In ta buɗe har ƙarshe amma inji ya ci gaba da durƙushewa, linzami ya yi nasa, a bar shi. In ba ta motsa ba, ko ta tsaya rabi, to a duba sifirin ko ya saki, noti na hannun ko ya kwance, ko datti ya riƙe sandar. Giyan ciki in ya karye, inji ba ya rasa ƙarfi, haukacewa yake yi da gudu, a kashe shi nan take.

Galibi laifin na iska ne ko na mai. Baƙin hayaƙi yana nufin iska ta yi kaɗan: filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko cok bai buɗe duka ba. In kuma ka ja cok rabi ka ji inji ya farfaɗo, mai ne ba ya isa. Ka fara da murfin tanki, ka sassauta shi. In ƙarfi ya dawo, ramin shan iskar murfin ne ya toshe. Sannan filtar mai, sannan kwanon kafireta ko akwai ruwa a ƙasansa, sannan babban jet, ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Jet ɗin ƙarami ne ƙwarai, a tsaye ba a jin toshewarsa, sai an nemi mai da yawa. A wanke shi da maganin kafireta da iska, kar a faɗaɗa ramin da allura. Tsofaffin taraktocin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema sukan daɗe a ajiye da tsohon fetur a ciki, shi ke daskarewa ya zama ƙaro a jet.

Injin mai silinda biyu yana da nasa sharrin: zai iya tafiya da silinda ɗaya a tsaye ba a gane ba. A kashe inji, a cire wayar fulogi ɗaya, a jingina ta da jikin inji, a tayar. In ya ƙi tashi, wadda aka cire ita ce mai aiki, ɗayar ta mutu. Fulogi, koyil, bawul ko gaskit na kai, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Kayan Gyara, Abossey Okai: Masta, a ƙara da awo. Tazarar fulogi a Briggs & Stratton da Kohler yawanci milimita 0.76 ce. Tazarar bawul a Honda GX, inji na sanyi, 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita. Sauran injina a duba littafinsu. Kuma in ƙarfi yana faɗuwa sai bayan inji ya yi zafi, a cire murfin fanka a kwashe busasshiyar ciyawar da ta cushe tsakanin haƙarƙarin silinda. Wani lokaci ma ba inji ba ne. Da damina ɗanyar ciyawa tana manne a ƙarƙashin kwanon wuƙa, wuƙa ta dakushe, ko boris ya kama. In sautin inji bai canza ba amma yanka ya ragu, bel ne ke sulɓewa.

Game da sunan, Malam, linzami ya yi mini, sai dai a nan Ankara da can Kumasi yawancin masu sayar da kaya ba Hausa suke ji ba. Yaro ya zo kanti ya ce sifirin linzami, ba za a ba shi komai ba.

Malamin Makaranta, Aboabo: Gaskiya ne, Alhaji. To a takardar za a rubuta "linzamin inji", a wurin farko a faɗa cewa shi ne ake kira gwamna a kasuwa. Sassansa: giyan linzami, sandar linzami, hannun linzami, sifirin linzami. Faɗuwar ƙarfi a ƙarƙashin lodi kuma mu ɗauki kalmar Masta, durƙushewa, mu bar shaƙewa ga injin da iska ta yi wa kaɗan. Masta, saura yadda ake saita shi.

Mastan Inji, Suame: Inji a kashe, wayar fulogi a cire. Ka sassauta notin da ya ɗaure hannun linzami a kan sanda. Ka tura hannun har totur ya buɗe duka, ka riƙe shi a nan. Ka juya sandar ta gefen da hannun ya bi har ta tsaya, sannan ka ɗaure noti ba tare da ka saki hannun ba. Ka motsa hannun ka tabbata ba ya sarƙewa. Gudun sama kuma da na'urar awon juyi ake saita shi, ba da kunne ba, kuma a tayar da inji hannu na kan makulli ko da zai haukace.