Muhawara: Haruffa huɗu sun isa su faɗi halin mutum?

Malam Ɗanjuma: Jama'a, ana ta yaɗa cewa wanda ya amsa tambayoyin MBTI, wato gwajin halin mutum na Myers-Briggs, ya samu haruffansa huɗu, kamar INFJ ko ESTP, ya gano ainihin halinsa wanda ba ya sauyawa. Ni ina ganin akwai ƙamshin gaskiya. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara shi a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa ra'ayin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya fitar a 1921. Nau'insa da ake kira Fom M yana da tambayoyi 93, kowace da zaɓi biyu. Abu huɗu ake aunawa: shiga jama'a ko keɓewa, dogaro da abin da ido ya gani ko da hasashe, yanke hukunci da lissafi ko da tausayi, son tsari ko barin ƙofa a buɗe. Biyu sau biyu har sau huɗu, rukuni 16.

Dakta Asabe: Malam, tarihin daidai ne, amma a wurin rabon matsalar take. Idan aka jera makin mutane dubu a kan ma'aunin shiga jama'a, ba gida biyu suke rabuwa ba. Yawancinsu a tsakiya suke cunkushe, daidai inda aka ja layin da ya raba E, harafin mai shiga jama'a, da I, harafin mai keɓewa. Mutum biyu da amsa ɗaya ta bambanta su sai a ba su haruffa dabam, wanda ya tsallaka layin da ƙyar kuma a haɗa shi da wanda ke can ƙurewa. Shi ya sa a wasu bincike kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan mako biyar suka fito da wani rukuni. Ku yi lissafin da kanku: a ce kowane harafi yana da damar kashi 85 cikin 100 ya tsaya yadda yake. A ninka 0.85 sau huɗu, abin da ya rage wajen kashi 52 ne. Halin mutumin bai motsa ba, layin ne ya yaudare shi.

Malam Ɗanjuma: Dakta, a yi adalci. A 1989 masu bincike McCrae da Costa sun gwada MBTI da wani ma'auni dabam da ake kira manyan halaye biyar, suka tarar ma'aunansa huɗu suna tafiya da huɗu daga cikin biyar ɗin. Ba shaci-faɗi ba ne.

Dakta Asabe: Na yarda, yana auna wani abu na gaske. Amma su ɗin maki suka kwatanta, ba haruffa ba, kuma na biyar ɗin da MBTI ba ya aunawa shi ne saurin damuwa da fargaba, wanda ya fi alaƙa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Gwajinsu, NEO-PI-R, tambayoyi 240 ne, kuma matsayinka yake nuna maka tsakanin mutane, ba ya sa ka a akwati.

Hajiya Talatu: Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar aiki. Kamfanin da ke da mallakar MBTI da kansa ya hana a tace masu neman aiki da shi. Tambayoyin ba su ɓoye manufarsu, mai neman aikin talla ya san amsar da ake so. Sannan da yawa daga matasanmu ba MBTI suka yi ba, shafin 16Personalities suka shiga. Alamarsa harafi na biyar a ƙarshe, A ko T. Gwaji ne dabam da ya ari haruffan.

Malam Tanko: Ranki ya daɗe, ga kuma harshe. Mu da Turanci muke amsawa, kuma an gina tambayoyin kan rayuwar Amurkawa. Budurwar da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici, ba ta ɗaga murya gaban manya, za ta fito I ko da ita ce mai raha a cikin ƙawayenta. Akwai kuma ɗabi'ar amsa “na yarda” ga kowace magana saboda ladabi. Don haka a gwaje-gwajen da ake amsawa da “na yarda” ake juya wasu tambayoyin: “ina son taro” a nan, “ina gudun taro” a can. Wanda ya yarda da duka biyun, makinsa ya lalace. Manyan halaye biyar ɗin ma ba su tsira ba, domin a binciken 2013 kan mutanen Tsimane na Bolibiya ba su fito yadda aka zata ba.

Malam Ɗanjuma: To me ya sa mai karanta sakamakonsa yake cewa “wallahi ni ne”?

Malam Tanko: A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya ba ɗalibansa gwaji, ya raba musu bayani iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Da suka auna dacewarsa da su, matsakaicin makin ya haura 4 cikin 5. “Wani lokaci kana son mutane, wani lokaci kana son kaɗaici” ta dace da kowa.

Dakta Asabe: Wanda zai yi, ya nemi gwajin da ke nuna maki. Ya amsa bisa abin da ya saba yi, ba abin da yake buri ba, kuma kada ya yi ranar da ransa yake ɓace. Ya rubuta makin, ya sake bayan wata guda. Harafin da makinsa ke kusa da tsakiya, kada ya zaɓi kwas ko abokin aure a kansa.

Malam Ɗanjuma: Batun “ba ya sauyawa” na janye. Amma a zaman ma'aikata, don buɗe hira kan yadda kowa yake son a yi aiki da shi, har yanzu ina ganin amfaninsa.

Hajiya Talatu: In dai sakamakon ya tsaya a hannun mai shi, Malam, bai shiga fayil ɗinsa na ofis ba.