Kesin mara ƙara: Define 7 ko Silent Base 802? Dan Allah a ba ni shawara

Edita_Kano

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar haɗa kwamfuta ina neman shawara. Aikina ɗaukar murya da haɗa bidiyo ne, yawanci karatun labarai nake ɗauka in ɗora a YouTube, kuma komai a ɗaki ɗaya yake, ga makirfo ga kwamfuta kan tebur guda. Wadda nake aiki da ita yanzu tsohuwar destof ce ta ofis da na saya tokumbo, wlh in ta ɗau zafi sai ka ce injin markaɗe, duk rikodin ɗin da na yi sai na zauna goge ƙarar fanka, kuma in ka goge da yawa muryar ma sai ta koma kamar mutum na magana cikin gwangwani. To yanzu na ɗan tara kuɗi zan haɗa sabuwa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 7600 ce a raina, da had dis biyu (ma'ajiya mai faifai da ke juyawa) na ajiyar bidiyo bayan SSD (ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyi). Kesin, wato akwatin da ake haɗa kayan kwamfutar a ciki, shi ne ya tsaya min. Na ga Define 7 na Fractal Design da Silent Base 802 na be quiet!, dukkansu an ce akwai soson tare ƙara a jikinsu. Wani ɗan uwana zai taho min da shi daga waje, shi ya sa ba na so in yi kuskure don babu zancen mayarwa. Wanne ya fi shiru? Kuma ɗakina ba AC, fankar sama ce kawai.

Injiniya Sokoto

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa layinka na ƙarshe shi ne duk maganar, ba AC. Waɗannan kesin an tsara su ne a ƙasashen sanyi, Fractal 'yan Suwidin ne, be quiet! kuma 'yan Jamus, masu gwada su a intanet ma yawanci a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwaji. Kai kuma a watan Afrilu Kano tana haura 40, ɗaki mai rufin kwano da rana ba sai na faɗa maka ba. Kwamfuta da iskar ɗaki take huce kanta, ba ta da wata iska ta daban, in iskar da take shaƙa ta fi ta masu gwajin zafi da digiri 15 to kusan hakan za ka ƙara a kan duk lambar da ka gani a gwajinsu.

Shi kesin ba ya ƙara, ƙarfe ne kawai a zaune. Fankoki ne ke ƙara, da had dis, wani lokacin da katin girafik. Soson da ake liƙawa a ciki yana rage ƙara mai tsini da kaɗawar ƙarfen gefe, gaskiya yana yi, amma kafin ya yi aiki dole a toshe gaban kesin da murfi, iska sai ta ɗan ramukan gefe take shiga. To in iska ta yi ƙaranci furosesa sai ta yi zafi, madabod, wato babban allon da komai ke jone a kansa, sai ya umarci fankoki su ƙara gudu, ka ga an rufe ƙofa an kuma ƙara ihun a ciki. Ni na taɓa haɗa wa wani mai sutudiyo irin wannan rufaffen kesin, ba ɗaya daga cikin biyun da ka ambata ba, da hunturu lafiya lau ko motsi ba ka ji, bazara na shigowa ya kira ni wai na sa masa jirgin sama a ɗaki. Ƙarshenta ƙofar gaban muka cire gaba ɗaya.

Don haka in tsakanin biyun ne ni 802 zan ce, ba don ya fi Define 7 kyau ba, a'a, don yana zuwa da murfin gaba guda biyu a kwali, ɗaya rufaffe mai soso ɗaya na raga, na sama ma haka. Da sanyi ka sa rufaffen, da zafi ka sa ragar, ba sai ka kwance komai ba. Define 7 murfin sama ne kawai ke da canji, gabansa ƙofa ce mai hinji, sai dai ka bar ta a buɗe. Dukkansu suna zuwa da fanka uku masu milimita 140, wannan kam daidai suke.

Abu Hanan

Injiniya ya yi bayani amma ni dai ban yarda a yar da Define 7 haka ba. Shekara biyu ke nan ina amfani da shi a Kaduna kuma ban taɓa nadama ba. Ka lura ya ce had dis biyu zai sa, a nan ne kesin ɗin ya yi fice, in ka juya shi zuwa tsarin ajiya yana ɗaukar had dis har 14, kuma tiren da ake ɗaura su akwai roba a wurin noti wadda ke shanye kaɗawa. Had dis mai juyi 7200 a minti, wato sau 120 ke nan a sakan, wannan gurnanin mai kauri yake bi ta ƙarfe ya sauka kan tebur ya hau sandar makirfo, kuma raga ba ta yi masa komai. Malam Edita in ka buɗe rikodin ɗinka ka duba wajen 120 Hz, wato kaɗawa 120 a sakan, mai yiwuwa ka gan shi a tsaye kamar layi. In kuma a 50 ko 100 ka gani to wannan na wutar lantarki ne, ba ruwan kesin, wayarinka za ka duba.

Maganar ƙofa kuwa ai ba laifi ba ne, ni haka nake yi, in ina randa bidiyo, wato kwamfuta na sarrafa shi ta fitar da shi kammalalle, in buɗe ta, in zan yi rikodin in rufe. Lokacin ɗaukar murya kwamfuta ba wani aiki take ba, furosesa kusan barci take, to me zai sa ta yi zafi? Ƙara lokacin randa kuwa ba ta shiga makirfo tunda ba ka ɗauka.

Abu ɗaya dai ka gaya wa ɗan uwan naka tun wuri, nauyi. Define 7 ya haura kilo 13 babu komai a cikinsa, ga kwali ƙato, 802 ɗin ma ba ƙarami ba ne. Kada mutum ya iso filin jirgi a ce ya biya kuɗin kaya ya fara tsine maka a zuci.

Maman Sultan

Ni dai ƙura ce damuwata, babu wanda ya taɓo ta sosai. Shagon buga takardu nake da shi, destof huɗu, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu in ka buɗe su kamar an zuba garin masara. Ƙura in ta cika haƙoran kula, wato ƙarfen da ke huce furosesa, to ko kesin na zinare ne sai fanka ta yi ihu. Duk wanda za ka saya ka tabbata filtarsa tana zarowa cikin sauƙi ba sai ka kwantar da kwamfutar ba, kuma ka sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, biyu a gaba ɗaya a baya, ta haka iska ta filta za ta riƙa shiga ba ta kowane ɗan rami ba. Kada ka ajiye shi a ƙasa kan siminti, ko ɗan benci ne ka ɗora. Ni duk sati biyu yarana suke kakkaɓe filta da hunturu.

Injiniya Sokoto

Hajiya gaskiyarki, filta mai datti ma toshe iska take fiye da murfin da muke ta musu a kai. Abu Hanan na yarda da kai a batun had dis, amma ka tuna Kaduna ba Kano ba ce balle Sakkwato, mu nan ko kwamfuta ba ta komai iskar ɗakin kanta ta isa ta tayar da fanka.

Edita wani abu kuma, kada ka zuba duk kuɗin a kesin ka bar furosesa da ɗan ƙaramin kulan da ke zuwa a kwalinta, shi zai fi kowa surutu a ciki. Nemi kula mai hasumiya, in da hali Noctua NH-D15, tsayinsa milimita 165 kuma kesin biyun duk suna ɗaukar har 185, in kuɗi bai kai ba Peerless Assassin na Thermalright ya ishi 7600 har da saura tunda wat 65 ce. Fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ka nemi irin wanda fankarsa ke tsayawa cak in ba nauyi a kansa. Sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka saita gudun fankoki da hannunka, yawancin madabod yadda suke zuwa da zarar zafi ya ɗan motsa sai su zabura, wannan hawa da saukar ya fi ƙara mai ɗorewa damun kunne.

Dan_Zinder

Hhhh ku yi haƙuri amma fankar sama fa? Ita ai ta fi kwamfutar ƙara sau nawa, ga janareton maƙwabta. Malam ka matsar da kwamfutar nesa da makirfo tukuna, duk ninka tazara ɗaya kusan desibel 6 na ma'aunin ƙara kake ragewa, kyauta. In makirfonka irin da ake kira kondensa ne shi ma yana kwasar komai har kukan zakaran bayan gida, irin da ake kira dainamik ya fi dacewa da ɗakin da ba a gyara don tare ƙara ba.

Edita_Kano

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Dan_Zinder fankar sama kashe ta nake in zan ɗauka, shi ya sa sai bayan sha biyun dare nake rikodin ina gumi kamar mai dambe, kuma eh kondensa ne. Abu Hanan na duba yanzun nan, wlh layin yana nan a 120 kamar yadda ka ce, shekara guda ina zargin fanka ashe har da had dis. Na sauke kwamfutar daga tebur na ɗora kan kujerar roba ya ragu sosai. Ina ganin 802 zan ce a taho da shi saboda murfin ragar, mai gefen ƙarfe ba mai gilashi ba tunda ba kallon cikinsa zan riƙa yi ba. Injiniya tambaya ɗaya ta rage, fankoki ukun da yake zuwa da su sun isa ko in ce ya haɗo min da ƙarin guda ɗaya na gaba tun yana can?